Baƙin Mayaƙa a Yaƙin Basasar Nijeriya, 1967 zuwa 1970: Sojojin Haya da 'Yan Sa Kai

Cikin dukan mutanen da suka ɗauki makami a yaƙin basasar Nijeriya babu waɗanda yawansu ya ƙaranta, labarinsu kuma ya yawaita, kamar baƙin da suka zo daga ƙasashen waje suka shiga faɗan. Sojojin Gwamnatin Tarayya, waɗanda ba su wuce kimanin 10,000 ba sa'ad da aka soma, sun kai wajen 250,000 kafin a gama. Biyafara ita ma ta tara dubban mayaƙa daga cikin 'ya'yanta. Turawan da suka yi mata yaƙi a ƙasa kuwa, ko a lokacin da suka fi yawa, ba su wuce hamsin da 'yan kai ba, kuma ba a jima ba suka ragu suka koma 'yan ƙalilan. Duk da haka hotunansu ne suka cika jaridun Turai, su aka rubuta wa littattafai, har mai karatu na can nesa ya ɗauka cewa su ne suka riƙe yaƙin. Ya kamata ɗalibi da ma'aikacin hukuma su san gaskiyar wannan al'amari, domin daga cikinsa ne aka samo wani sashe na dokokin duniya wanda Nijeriya ta sa hannu wajen tsara shi, wanda kuma har yanzu bai biya bukatar da aka tsara shi dominta ba.

Da farko sai a rarrabe baƙin nan, gama ba iri ɗaya ba ne. Akwai sojan haya, watau wanda ya sayar da gwanintarsa ta yaƙi ga mai biya, ba ruwansa da asalin rigimar. Akwai ɗan sa kai, wanda ya zo don ya gaskata cewa ɓangare ɗaya ne a ke zalunta, ko da za a biya shi ko ba za a biya ba. Sa'an nan akwai sojan da gwamnatin ƙasarsa ta aiko shi bisa wata yarjejeniya tsakaninta da ɗaya daga cikin masu faɗa. A takarda rarrabewar tana da sauƙi. A fagen fama kuwa mutum ɗaya ya kan shigo da wata riga ya fita da wata, kuma kowane ɓangare ya kan kira nasa baƙin masu taimako, na abokin gaba ya kira su 'yan haya. Yin yaƙi a ƙasar wani don albashi kuma ba sana'ar Turawa kaɗai ba ce: rundunar Hausawa da Glover ya kafa a Ikko a 1863, wadda a ke lissafa ta cikin tushen sojan Nijeriya, ta je yaƙin Asante, kuma an ɗebi Hausawa aikin soja zuwa Kwango a zamanin Sarki Leopold na Beljiyam.

Gadon Kwango

Ba za a fahimci tsoron da a ke yi wa sojojin haya a 1967 ba sai an waiwayi Kwango. A watan Yuli 1960, 'yan kwanaki bayan samun mulkin kai, Moise Tshombe ya ware lardin Katanga mai arzikin tagulla, ya ɗauko Turawa daga Beljiyam da Faransa da Afirka ta Kudu da Rodeshiya su riƙe masa sojansa. Da ya zama Firayim Ministan ƙasar duka a 1964 sai ya sake kiransu don su murƙushe tawayen Simba, a nan ne sunayen Mike Hoare da Bob Denard da Jean Schramme suka fito. Ayarin 'yan ɗaruruwan Turawa cikin motocin jif ya kan ratsa ɗaruruwan mil yana cin gari bayan gari, domin waɗanda su ke fuskanta yawancinsu ba su da horo, ba su da makamai na kirki. Daga nan aka gina camfin cewa Bature ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta ya isa ya kori bataliyar baƙar fata.

Hafsoshin Nijeriya sun ga mutanen nan da idonsu, domin sojan Nijeriya ya yi aiki a Kwango ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Olusegun Obasanjo duk sun je, Aguiyi-Ironsi kuwa shi ne ya shugabanci rundunar Majalisar gaba ɗaya a 1964. Wani abin lura shi ne, ran 5 ga Yuli 1967 Schramme da Denard suka yi wa Mobutu tawaye a Kisangani, kashegari kuma, ran 6 ga wata, aka yi harbin farko na yaƙin Nijeriya. Schramme ya riƙe garin Bukavu daga Agusta har Nuwamba kafin ya tsallaka Ruwanda. Saboda haka taron shugabannin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka da aka yi a Kinshasa cikin Satumba 1967 ya yi abu biyu a zama ɗaya: ya la'anci sojojin haya, ya kuma kafa kwamitin shawara kan rikicin Nijeriya ƙarƙashin Sarki Haile Selassie, wanda Shugaba Diori Hamani na Nijar ya ke cikinsa, har aka zauna a Yamai cikin Yuli 1968. Dokar ladabin yaƙi da Gowon ya bai wa sojojinsa a farkon faɗan ta umarce su da su kyautata wa fursunoni da farar hula da baƙi masu halaltacciyar sana'a, amma ta keɓe sojan haya ta ce shi ba za a sassauta masa ba.

Mutanen Faulques, da wanda ya ƙi tafiya

Laftanar-Kanar Odumegwu Ojukwu ya yi shelar Biyafara ran 30 ga Mayu 1967, bayan juyin mulki biyu na 1966, da kisan gillar da aka yi wa dubban mutanen Gabas, galibinsu Ibo, a garuruwan Arewa cikin wannan shekara, da kuma ƙirƙiro jihohi goma sha biyu da Gowon ya yi kwana uku kafin shelar. Yana da hafsoshi masu horo da yawa, abin da ya rasa shi ne makamai. Inugu ta faɗi a farkon Oktoba 1967, Kalaba ta bi bayanta cikin watan. A wannan hali ne ya karɓi tayin da ya zo ta hannun Faransa.

Dalilan Faransa ba ɓoyayyu ba ne. Janar de Gaulle bai manta ba cewa a Janairu 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Sahara. Nijeriya mai girma kuma haɗaɗɗiya barazana ce ga tasirin Faransa kan ƙananan ƙasashen da ta raina a kewaye, ga kuma man fetur. Jacques Foccart, mai kula wa de Gaulle da al'amuran Afirka, shi ne ya riƙe igiyar, ta hanyar Houphouet-Boigny na Kodebuwa da Bongo na Gabon, waɗanda ƙasashensu su ke cikin biyar da suka amince da Biyafara, tare da Tanzaniya da Zambiya da Haiti.

Wanda aka ba aikin tara mayaƙa shi ne Roger Faulques, tsohon hafsan Rundunar Baƙi ta Faransa, wanda ya yi yaƙi a Indocina da Aljeriya da Katanga. An yi ciniki kan mutum ɗari, kimanin rabinsu suka sauka a ƙarshen 1967. Aka tura su wajen Kalaba su ƙwato ta, a nan suka tarar da abin da ba su taɓa tararwa a Kwango ba, watau sojan gwamnati mai igwa da motoci masu sulke, wanda ba ya watsewa don ya hangi farar fata. Aka kashe musu mutane, suka yi ƙorafin cewa ba a ba su makaman da aka alkawarta ba, kafin 1968 ta yi nisa Faulques ya kwashe yawancinsu suka koma. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Waɗannan dai sun ci ladan, askin kuwa ko rabi ba su kai ba.

Cikin 'yan kaɗan da suka zauna akwai Rolf Steiner, Bajamushe haifaffen Munich a 1933. Shi ma ɗan Rundunar Baƙi ne, ya yi Indocina da Aljeriya, ya kuma shiga ƙungiyar asirin nan ta Turawan Aljeriya da ta yaƙi de Gaulle don hana ƙasar 'yanci. A soja bai wuce saje ba, a Biyafara ya zama kanar. Ya kafa Birged ta Huɗu ta Kwamando, mai mutum kimanin 3,000, tambarinta ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Tare da shi akwai Taffy Williams, wanda ya tashi a Afirka ta Kudu, da Marc Goossens ɗan Beljiyam, da Armand Ianarelli mutumin Kosika, da Alec Gay ɗan Sikotilan. Steiner ya riƙa faɗi har bayan yaƙin cewa bai karɓi albashi ba, ya zama ɗan Biyafara ne kawai. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, a kansa ne rarrabewar da aka yi a sama ta fara rikicewa: ya shigo cikin ayarin 'yan haya, ya zauna da sunan ɗan sa kai, ya sa kakin ƙasar ya karɓi muƙaminta.

Ba za a hana birged ɗin nan yabonta ba. Ta ƙware wajen kai farmaki ta bayan abokan gaba da ƙwace makamai, ta kuma jinkirta Runduna ta Uku ta Benjamin Adekunle a kan hanyar Aba cikin damunar 1968. Amma Aba ta faɗi a Satumba, Owerri ma haka. Illarta kuwa ta cikin gida ce. Steiner ba ya karɓar umarni daga hedkwatar soja, sai daga Ojukwu kai tsaye. Mutanensa su ke samun zaɓin harsashi da abinci da motoci a ƙasar da kowane harsashi a ƙirge ya ke. Wannan ya haddasa gaba tsakaninsa da hafsoshin ƙasar, waɗanda wasunsu sun yi makarantar Sandhurst, suna kallon tsohon saje yana yi musu ɗagawa. Alexander Madiebo, wanda ya shugabanci sojan ƙasa na Biyafara, bai ɓoye raininsa ga baƙin ba a littafin da ya fitar a 1980.

A Nuwamba 1968 aka jefa birged ɗin gaba da gaba kan Anacha, inda Runduna ta Biyu ta Tarayya ta haƙa ramuka ta girke manyan bindigogi. Rundunar da aka horar don sari-ka-noƙe aka sa ta ratsa fili a buɗe, aka yi mata mummunar ɓarna, garin kuma bai ciwu ba. A nan aka kashe Goossens. Mai ɗaukar hoto Gilles Caron ya ɗauki sojojin Biyafara suna ɗauke da gawarsa, hoton ya zaga duniya, alhali ɗaruruwan samarin Ibo da suka faɗi a wannan fili babu jaridar Turai da ta nemi sunan ko ɗayansu. Cikin waɗannan makonni ne zaman Steiner ya ƙare. Ya yi wa Ojukwu rashin ladabi a fadarsa ta Umuahia, aka kama shi, aka sa shi a jirgi tare da wasu abokansa aka fitar da su.

Abin da ya fi kowace hujja nauyi shi ne lissafin nasarorin Biyafara. Mamaye Jihar Tsakiyar Yamma a Agusta 1967, da kwanton ɓaunar Abagana a ƙarshen Maris 1968 inda aka ƙone ayarin motocin Runduna ta Biyu, da ƙwato Owerri a Afrilu 1969 bayan an yi wa birged ɗin Tarayya ƙawanya na tsawon watanni, duka hafsoshin ƙasar ne suka yi su. Nakiyar nan da a ke kira Ogbunigwe, wadda sojan Tarayya ya fi tsoro, masanan kimiyyar Biyafara ne suka ƙera ta, su ne kuma suka riƙa tace mai a daji bayan Fatakwal ta faɗi a Mayu 1968. A ƙasa dai baƙin ba su sauya kome ba.

Yaƙin sama

A sama labarin dabam ne, domin tuƙin jirgin yaƙi ba abu ne da a ke koya cikin wata uku ba. Rundunar sojan sama ta Nijeriya a 1964 aka kafa ta, kuma yaƙi ya same ta ba ta da jirgin faɗa ko ɗaya. Biyafara ce ma ta riga: ta sami tsohon jirgin jefa bam samfurin B-26, wanda Jan Zumbach ya tuƙa, mutumin Folan da ya yi suna a rundunar saman Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma yi wa Tshombe aiki a Katanga. Ya kai hari Makurdi da wasu wurare a farkon yaƙin, bai daɗe ba ya tafi. Wani jirgin fasinja samfurin Fokker, wanda aka karkatar zuwa Inugu tun kafin yaƙi aka mai da shi na jefa bam, ya tarwatse a sararin Ikko cikin Oktoba 1967 da duk mutanen cikinsa, har da Turawa.

Ingila ta sayar wa Gwamnatin Tarayya bindigogi da harsasai da motoci masu sulke, amma ta hana jiragen yaƙi, Amurka kuwa ta ƙi sayar da kome. Sai Gowon ya juya ga Tarayyar Sobiyet. Daga Agusta 1967 jiragen MiG suka fara sauka a Kano, tare da samfurin L-29 na Cekosulobakiya, daga baya aka ƙaro masu jefa bam samfurin Ilyushin 28. Matuƙan farko Misirawa ne da gwamnatin Nasser ta aiko, 'yan watanni bayan kayen da Isra'ila ta yi mata a Yuni 1967. Sun yi ƙaurin suna wajen sakin bam daga can ƙololuwa, kuma bama-baman sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci da makarantu sun kashe farar hula da yawa. Wannan gaskiya ce da bai kamata mai kishin haɗin kan Nijeriya ya kau da kai daga gare ta ba, domin babu abin da ya ƙarfafa wa Ibo imanin cewa so a ke a shafe su kamar waɗannan hare-hare, babu kuma abin da ya fi su amfani ga farfagandar Biyafara a Turai. Ban da Misirawa, an ɗauki matuƙa na haya daga Ingila da Afirka ta Kudu da wasu wurare, kuma John Peters, wanda ya gaji Hoare a Kwango, yana cikin masu samo su. Watau gwamnatin da ta ce ba za ta sassauta wa sojan haya ba ita ma tana biyan nata.

Babban aikin da aka sa su shi ne su rufe Uli. Uli ba filin jirgin sama ba ne na asali, wani miƙaƙƙen yanki ne na hanyar mota tsakanin Anacha da Owerri aka faɗaɗa shi, bayan faɗuwar Fatakwal kuwa shi ne ya zama maƙogwaron Biyafara. Da dare jirage su ke sauka, a kunna fitilu na 'yan daƙiƙoƙi a kashe. Ta nan makamai su ke shigowa daga Lisbon da Libreville, ta nan kuma abinci da magani su ke shigowa daga tsibirin Sao Tome da Fernando Po da Kwatano. Haɗin gwiwar majami'u kaɗai ya yi sawu fiye da 5,000 ya kai kimanin tan 60,000. An yi ta jefa wa Uli bam har ƙarshen yaƙi, ba a taɓa rufe shi ba. Zargi ya yaɗu a lokacin cewa matuƙan haya ba su son rufe shi, domin ranar da Uli ya mutu ranar albashinsu zai tsaya, ga shi kuma waɗanda su ke tuƙa jiragen da ke sauka tsofaffin abokan aikinsu ne. Ko ba a ɗauki zargin ba, ya nuna cikas ɗin da ke tattare da haya: wanda a ke biya wata-wata ba shi da dalilin gaggauta ƙarshen aiki.

Carl Gustaf von Rosen

In akwai ɗan sa kai na haƙiƙa cikin yaƙin nan, to wannan basaraken Suwidin ne, kuma shi ne labarinsa ya fi wuyar yanke wa hukunci. An haife shi a 1909. Ya tuƙa jirgin ɗaukar majiyyata a Habasha lokacin da Italiya ta mamaye ta a 1935, ya yi wa Finlan yaƙi da Rasha a 1940, ya kuma shafe shekaru yana gina wa Haile Selassie rundunar sama. A Agusta 1968, sa'ad da jiragen agaji suka tsaya don tsoron bindigogin Tarayya, shi ne ya ɗauko jirgin DC-7 daga Sao Tome ya bi ƙasa-ƙasa, inda na'urar hangen jirage ba ta kama shi, ya sauka Uli, ya nuna wa sauran matuƙa cewa hanya tana nan. Abin da ya gani na yara masu ciwon yunwa da ɓarnar bam ya sa ya ƙudura cewa kai abinci bai isa ba, sai an karya jiragen da ke jefa bam ɗin.

Dabararsa ta ba masana yaƙi mamaki. Ya samo ƙananan jirage biyar samfurin MFI-9, irin na koyon tuƙi masu kujera biyu, aka kai su Faransa aka auna musu wurin ɗaura roka, aka harhaɗa su a Gabon aka shafa musu fenti mai launin daji. Matuƙa biyar ne, uku 'yan Suwidin, biyu 'yan Biyafara. Ran 22 ga Mayu 1969 suka faɗa wa filin jirgin Fatakwal suna tafe dab da kan itatuwa, cikin mako guda kuma suka kai wa Binin da Inugu da tashar lantarki ta Ughelli, suka lalata jiragen Tarayya da dama a ƙasa. Daga baya, da matuƙa 'yan ƙasa da wasu 'yan Fotugal, aka juya kan ma'aikatun mai na Jihar Tsakiyar Yamma, abin da ya tayar da hankalin kamfanoni da gwamnatin Ingila. Da kuɗin da bai kai na jirgin MiG ɗaya ba ya yi abin da birged ɗin Steiner ba ta yi ba.

To, amma sai a dubi abin da ya biyo baya. Tun da farko Gwamnatin Tarayya tana cewa jiragen agaji mayafi ne ga jiragen makamai, tun da hanya ɗaya su ke bi cikin dare ɗaya, kuma a 1968 akwai lokacin da jiragen ɗan kasuwa Hank Wharton su ke ɗaukar kayan biyu duka. Ojukwu kuma ya ƙi yarda da saukar rana da hanyar mota, don duhun da ke kāre abinci shi ne ke kāre harsashi. Yanzu ga matuƙin agaji mafi shahara ya koma mai harba roka, ya miƙa wa masu wannan magana hujjar da ba su taɓa samu ba. Ran 5 ga Yuni 1969, mako biyu bayan harin Fatakwal, jirgin MiG ya harbo wani DC-7 na Ƙungiyar Red Cross kusa da Eket, mutum huɗun da ke ciki suka mutu. Cikin watan aka kori August Lindt, babban wakilin ƙungiyar, aka kuma karɓe ragamar agaji daga hannunta. Jigilar Red Cross ta tsaya, ba ta sake komawa yadda ta ke ba. Majami'u suka ci gaba su kaɗai. Masana tarihi da yawa suna ganin harbin nan martani ne ga hare-haren von Rosen. Yunwa ta sake tsananta a rabin ƙarshe na 1969, a yaƙin da ƙididdigar mamatansa ta kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, mafi yawansu kuma yunwa ce ta kashe su ba harsashi ba. Babu mai shakkar niyyar mutumin nan, bai zo neman kuɗi ba. Amma yaƙin ya ƙare inda dā ma zai ƙare, Philip Effiong ya miƙa wuya a Janairu 1970, kuma yana da wuya a nuna cewa jiragen nan biyar sun ceci rayukan da suka kai waɗanda tsayawar agaji ta ci.

Kotu da doka

Steiner bai koma gida ya zauna ba. A 1969 ya shiga kudancin Sudan wajen 'yan tawayen Anyanya. Aka kama shi a Yuganda a 1970, gwamnatin Obote ta miƙa shi ga Sudan, aka yi masa shari'a a bainar jama'a a Kartum a 1971. An yanke masa hukuncin kisa, Shugaba Numeiri ya mai da shi ɗaurin shekara ashirin, a 1974 aka sake shi ga Jamus ta Yamma saboda rashin lafiya. Shari'ar da ta fi wannan girgiza duniya ita ce ta Luwanda a Yuni 1976, inda gwamnatin MPLA, wadda Nijeriya ta amince da ita a zamanin Murtala, ta gurfanar da mutum 13, Ingilishi da Amurkawa galibi, da aka kama suna yi wa FNLA yaƙi. An harbe huɗu ran 10 ga Yuli, cikinsu har da Costas Georgiou, mai kiran kansa Kanar Callan, wanda ya sa aka kashe 14 daga cikin mutanensa. Lauyoyin waje suka yi ƙorafin cewa babu wata tsayayyar doka da ta bayyana mene ne laifin zama sojan haya kafin a kama su. A Janairu 1977 kuma Denard ya sauka Kwatano da jirgi cike da mayaƙa don ya kifar da Mathieu Kerekou, aka fatattake shi cikin 'yan sa'o'i.

A taron Jeniba na sabunta dokokin yaƙi, wakilan Nijeriya ne suka kawo shawarar da ta zama sashe na 47 na Ƙarin Yarjejeniya ta Farko, wadda aka zartar a Yuni 1977. Sashen ya ce sojan haya ba shi da haƙƙin a ɗauke shi mayaƙi ko fursunan yaƙi. Sai dai kafin a kira mutum da wannan suna dole sharuɗɗa shida su haɗu a kansa gaba ɗaya: an ɗauke shi musamman don ya yi faɗa, ya shiga faɗan da hannunsa, neman abin duniya ne ainihin abin da ya kawo shi, an kuma yi masa alkawarin ladan da ya zarce na takwarorinsa 'yan ƙasa nesa ba kusa ba, ba ɗan ƙasar masu faɗa ba ne, ba kuma mazaunin yankinsu ba, ba ya cikin rundunar ɗayansu, kuma ba wata ƙasa ce ta aiko shi a matsayin sojanta ba.

A gwada wannan ma'auni kan mutanen da aka ambata. Misirawa sun fita ta sharaɗi na shida. Von Rosen ya fita ta na uku. Steiner ya fita ta na biyar, tun da kanar ne a sojan Biyafara, watakila ta na uku da na huɗu ma. Matuƙin hayar da aka rubuta sunansa cikin rundunar sama, aka ba shi kaki, shi ma ya kuɓuta. Sharaɗi na uku kuwa yana bukatar alƙali ya leƙa zuciyar mutum ya ga abin da ya kawo shi. Bugu da ƙari yarjejeniyar ta shafi yaƙi tsakanin ƙasashe ne da yaƙin ƙwatar 'yanci daga mulkin mallaka, ba yaƙin basasa irin wanda ya sa Nijeriya ta kawo shawarar ba.

Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta fi wannan haƙora. An zartar da ita ran 3 ga Yuli 1977 a Libreville, garin da a ke loda wa Biyafara makamai shekara takwas kafin nan, ta fara aiki a 1985. Ta mai da abin laifi, ta kuma haɗa da mai ɗauka da mai horarwa da mai ba da kuɗi. Amma laifin da ta bayyana shi ne na yaƙar 'yancin wata al'umma ko zaman lafiyar wata ƙasa ko haɗin kanta, don haka gwamnatin da ta yi hayar baƙi su yaƙar mata 'yan tawaye ba ta shiga ciki ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda ita ma Nijeriya ce ta nemi a sa ta cikin ajanda, sai a 2001 ta sami isassun ƙasashen da za ta fara aiki, manyan ƙasashe kuwa irin su Amurka da Ingila da Faransa da Rasha ba su shiga ba. Ta wannan ƙofa ce sana'ar ta dawo da sunan kamfani: Executive Outcomes a Angola a 1993 da Saliyo a 1995, tsofaffin sojojin Afirka ta Kudu a arewa maso gabashin Nijeriya a farkon 2015, waɗanda gwamnati ta ce masu ba da horo ne, sa'an nan Wagner ta Rasha a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya daga 2018 da Mali daga ƙarshen 2021 zuwa 2025. Duka gwamnatoci ne suka kira su.

Faulques ya rasu a Faransa a 2011 da manyan lambobin girmamawa na ƙasarsa, Hoare ya rasu a 2020 yana da shekara ɗari. Von Rosen kuwa ya koma Habasha lokacin farin 1974, yana jefa wa ƙauyukan da mota ba ta kaiwa buhunan abinci daga ƙananan jirage, dangin waɗanda ya ɗaura wa roka a Gabon. Yana kan wannan aiki mayaƙan Somaliya suka kai hari garin Gode a yankin Ogaden suka kashe shi, ran 13 ga Yuli 1977, kwana goma bayan an zartar da yarjejeniyar Libreville.